Likita Ya Ce Fara

Hajja Kulu ta Hillar Mato mace ce da ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Ba wai ba ta yi ba ne, mai ƙarfin halin kamawar ne babu. Ita ke raba gardamar mata a bakin famfo, ita ke cewa miyar biki ta ji gishiri ko ba ta ji ba, in kuwa ta ce ba ta ji ba, to ko harshenka na raɗaɗi sai ka miƙa hannu a ƙara. Tun da aka kawo ta gidan Mati tana amarya babu wanda ya ga gudunta. Ko shekarar da yaƙi ya watsa gari, mutane na tsallake magudanan ruwa da yara a kafaɗa, ita tafiyarta ta yi tana gyara mayafi, har ta isa inda masu gudun suka isa.

Garin nan, in ba ku sani ba, kudu da Kamlin yake, a tsakiyar gonakin ban ruwa. Kakanninsu Makka suka nufa da ƙafa, suka ce bari su tsaya su yi damina ɗaya su haɗa guzuri. Har yau ana kan haɗa guzurin.

Da ƙura ta lafa aka komo gida, kowa ya komo da abin da ya tsira da shi. Mati, mijin Kulu, ya komo da jikinsa cif, ko ƙwarzane babu, amma fa ba shi ba ne. Da can ƙofar gidansa, gindin dogon yaro, nan ne majalisar dattawa. A sha gahawa, a tsine wa tsadar taki, a yi musu kan wanda ya buɗe ruwan babbar magudanar da ake kira tur'a ya karkata shi gonarsa alhali ba layinsa ba ne. Yanzu wasu sun rasu a wurin gudu, wasu sun yi zamansu gun ’ya’yansu a Dinder da Damazin, waɗanda suka dawo kuma kowa na fama da katangarsa da ta zube da ƙyaurensa da aka cire. Babu mai lokacin zama. Hawashar da ya gada, gonar da ya ƙare ƙarfinsa a cikinta, ɗansa Nasir ya karɓa yana nomawa, da kyakkyawar niyya, wai tsoho ya huta. To, tsoho ya huta. Ya kwanta bisa gadon igiya ya juya wa duniya ƙeya.

A kawo tuwo, loma biyu ya ture. A kawo kisra, wainar dawa mai fele-fele, da miya mai yauƙi, wadda da can sai ya suɗe kwano, ya dube ta kamar bai san sunanta ba. Kulu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta sake yin faɗa, duk a banza. Sai tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ba ta ji irinsa ba ko ranar da harsashi ke wucewa ta saman rufi. Ta sha ganin mazan da suka yi irin wannan kwanciya, kuma ta san ba su cika ganin girbin baɗi ba.

Autarsu Hanaa na aiki a wani kantin magani a Kamlin. Ita ta matsa, Nasir ya ɗora tsohon a mota ya kai mata, ta shiga da shi wurin likita. Da yamma aka dawo da shi da ledar ƙwayoyi.

“Malam, mi likita ya ce?” in ji Kulu.

“Abin da suka saba cewa.”

Ya hau gado ya fuskanci bango. Sai ga waya ta yi ƙara, Hanaa ce.

Hausar Hanaa kuwa, Allah dai ya ba mu haƙuri. Za ta taso da Hausa, kafin ta kai kalma ta uku ta zurma cikin Larabci, ta fito, ta sake zurmawa. Ga shi bakinta bai iya hwa irin ta mutanen gari ba. Inda uwarta za ta ce hwata, ita ta ce fata. Inda za a ce hwari, ta ce fari. Kunnen Kulu ya saba, shekara da shekaru yana tsince maganar yarinyar nan kamar mai tsintar tsakuwa a wake, ya gyara kafin ta isa zuciya.

“Yumma, diktor ya ce jinin Yaba ya hau shadid, sosai. Hubub ɗin nan, ƙwayoyin, ya sha safe da yamma, kuma a rage gishiri. Lakin ya ce su kaɗai ba za su yi ba. Ya ce abin da Yaba yake buƙata farah ne.”

“Mi?”

“Farah, Yumma, farah! Kullum, ko kaɗan ne. Ya ce shi ke saukar da jini, shi ke buɗe ciki, shi ke kawo barci. In bai samu ba, wallahi diktor ya ce yana jin tsoro.”

Nan waya ta yi ƙoƙo-ƙoƙo ta mutu, kamar yadda ta saba in magana ta zo wurin da ake buƙatarta.

Kada wani ya ce Hajja Kulu ba ta jin Larabci. Tana ji, har zagi ta iya da shi, mai kyau kuwa. Ta san farah da Larabci farin ciki ne. Amma don Allah, wane likita ne za a ɗauko mutum tun daga ƙauye a kai masa, ya dube shi ya ce je ka yi farin ciki? Likita abin haɗiya yake faɗi. Ga iska ta cinye ƙarshen kalmar, ga mai maganar ba ta iya hwa ba. Sai kunnen Kulu ya yi aikinsa na kullum, ya gyara. Hwara. Fara dai, ’yar tsalle-tsallen nan ta gona.

Ta zauna ta juya abin, ta ga ai hankali ma ya ɗauka. Wane ganye ne a daji fara ba ta ci? Ke nan duk maganin da Allah ya shuka yana cikin cikinta. Ta gyaɗa kai, ta ce ashe likitocin zamani sun fara hankali.

Kaka ce, dawa ta nuna, safiya da ɗan sanyi-sanyi. Da aka sallame asuba Kulu ta ɗauki buhu ta fita. Kamun fara aikin yara ne, amma maganin mijinta ba za ta bar shi a hannun yara ba. Ta isa gona ta tarar da su maƙale a kara, raɓa ta jiƙa musu fiffike. Ta miƙa hannu a hankali, da mutunci, yadda take karɓar gaisuwa. Fara ba ta san mutunci ba, ta yi tsalle. Ta bi ta, ta sake tsalle. Kulu ta ce, “Ke, ni za ki raina?” Ta kai wawura da hannu biyu, ƙafa ta zame, sai ga Hajja Kulu zaune daram a cikin ’yar magudanar ruwa, laka har ƙugu, fara ɗaya a tafin hannu.

A hanyar komowa ta haɗu da Sakinatu, maƙwabciyarta, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai Rufa’a, ta haye kogi ba kwalekwale.

“Hajja! Lahiya?”

“Lahiya lau. Aikin likita nike.”

Ta wuce, laka na ɗiga, kai a sama.

Abin da ta samo bai cika tafi biyu ba. Ta fige fiffike da ƙafafu, ta tafasa, ta soya da ɗan mai da barkono, ta matsa lemun tsami, gishiri kuwa ko ƙwaya, tun da likita ya hana. Ko wanka ba ta tsaya yi ba ta kai masa.

“Malam, tashi. Likita ya ce ka ci, sahe da yamma.”

Mati ya juyo. Ya dubi kwano. Ya dubi matarsa tun daga ɗankwali har zuwa lakar da ta bushe mata a ƙwauri. Ya daɗe yana dubawa.

“Likita ya ce?”

“Shi ya ce. Hanaa ta hwaɗa mini. Hwara, kullum, ko kaɗan ce.”

Gemunsa ya ɗan yi rawa. Kulu ta ce a ranta, Allah sarki, ciwon har ya kai haɓa. Ya tashi zaune, ya yi bisimilla, ya ci. Ya ci har ya tsince ’yan ƙananan da suka maƙale a gefen kwano.

“Ina kika kamo ta?”

“Bayan gonar auduga.”

“Kada ki koma can, ana hesa mata magani. Ki bi dawar Nasir ta gehen gabas, can ba a hesa komai.”

Tun da suka komo gari bai jera kalmomi masu yawan haka ba. Kulu ta koma madafa zuciyarta fari ƙal, tana cewa kai, wannan likita Allah ya yi masa albarka, tun a kwanon farko.

Kashegari da ta ɗauki buhu, ta tarar ya jawo gadonsa zuwa ƙofar gida, inda ake hangen gonar Nasir. Ya ce iska yake sha. Tana cikin dawa tana fama sai ta jiyo murya daga nesa, muryar da ta yi zaton ta tafi ke nan.

“Ta baya ake zo mata! Kada inuwarki ta hwaɗa mata! Kai, Kulu, buhun ne ke kamu ko hannu?”

“In ka iya ka zo ka yi!”

“Ni majinyaci ne!”

Ita kuwa Sakinatu ta riga ta yi aikinta. Gari duka ya ji cewa babban likita a Kamlin, wasu suka ce daga waje ya zo, ya gwada jinin Mati da na’ura ya ce babu abin da zai tashe shi sai fara. To, mutanen Hillar Mato ba su da lokacin hira, amma ba a taɓa cewa ga maganin mara lafiya a bayan gari sun noƙe ba. Mata suka fara aiko da ita a kwano. Masu zuwa gona suka riƙa biyowa da ita a aljihu. Wanda ya kawo kuma ai ba ya ajiyewa ya juya, sai ya tsuguna ya yi sannu, ya tambayi yadda jiki yake, ya tsaya ya ga an ci.

Ana haka sai ga Jibirin, sa’an Mati, wanda tun komowa ba a ga ƙeyarsa a ƙofar gidan ba saboda gyaran ɗakinsa da ya rufta. Jibirin jikan Katsinawa ne, Mati jikan Kabawa, don haka akwai wasa tsakaninsu, ko da yake daga mai Katsinar har mai Kabin babu wanda ya taɓa ganin inda kakansa ya fito. Idon Jibirin ya yi rauni, amma ya zo da gwangwani cike, yana taƙama.

“Ga ta nan, manya-manya, masu ado. Ko gudu ba su yi mini ba.”

Mati ya buɗe gwangwani ya leƙa. Farar tumfafiya ce, mai kore da rawaya, wadda ko kaza ta gani sai ta kauce.

“La ilaha illallahu. Jama’a ku shaida, Bakatsine ya zo kashe ni.”

“Mi ya samu hwarata?”

“Ta tumhwahiya ce, makaho! Dahi ka kawo mini! Layin ruwana kake so ka gada, na daɗe da ganewa.”

“Ruwan naka da ba ya isa ko akuya ta sha? In kashe ka in gaji mi, tari?”

Suka kaure. Kulu na daga ciki tana jin su, ta ɗauko ’yar tukunyar gahawa da ta yi ƙura a lungun madafa, ta wanke ta. Da yamma ta yi, dattawa huɗu ne a gindin dogon yaro. Kafin mako ya zagayo an koma aron kujeru a maƙwabta.

Musu kuwa ya samu gida. Wannan ya ce babe ya fi ƙaramar fara magani, wancan ya ce babe ai iska ce a cikinsa. Wani ya ce a daka da tunkuza, wani ya ce haram, tunkuza na kashe ƙarfinta. Wata safiya haƙurin Mati ya ƙare da kallon yadda ake ɓata kamu, ya ɗauki sanda ya taka har gona da ƙafarsa, ya nuna musu yadda ake lallaɓa kara a girgiza shi cikin bakin buhu. Ya dawo yana haki ya ce a ba shi tuwo, wai fara ba ta zama a ciki ita kaɗai. Ƙwayoyinsa yana sha a kan kari, don Kulu na tsaye a kansa. Barci kuwa, minsharinsa har gidan Sakinatu.

Ita Hajja Kulu fa sai abin ya zama nata. Mata na zuwa tambaya, tana ba da fatawa daga kan kujerarta. Ta mai hawan jini ba a sa mata gishiri. Mai ciwon gwiwa ya ci har da ƙafafun, tun da ƙarfin fara a ƙafa yake. Sakinatu ta rantse da Allah tun da ta fara ci gwiwarta ta daina ƙara in za ta yi ruku’u. Kulu ta ce ai dama, likita ba ya faɗin banza.

Ranar wata Juma’a Hanaa ta zo gida da na’urar gwada jini a jaka. Ta tarar da ubanta zaune a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya, kumatu sun ciko. Ta ɗaura masa abin a damtse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa don ba ta yarda ba.

“Mashallah, Yaba! Ya sauka! Wallahi ya sauka!”

“To,” in ji Mati, ya ci gaba da ƙotarsa.

Ta ruga madafa wurin uwarta da murna, sai ta yi turus. Tabarmi ne shimfiɗe tun daga bakin rumfa har jikin katanga, kowace shanye da fara, jawur, tana ƙyalli a rana.

“Yumma, da shinu? Mene ne wannan duka?”

“Maganin da kika ce mana.”

“Wane magani?”

“Hwara. Ba ke kika ce likita ya ce hwara ba, kullum, ko kaɗan ce? Mu kuwa ba mu yi kaɗan ba.”

Hanaa ta dubi uwarta. Ta sake duban tabarmin.

“Yumma… farah na ce. Farah, da ha a ƙarshe. Ya’ani surur, murna, yaya ma kuke cewa… farin ciki! Diktor cewa ya yi Yaba yana buƙatar farin ciki!”

Dariya ta kwashe ta har ta durƙushe tana riƙe ciki, hawaye na zuba. Sai da ta ɗago ta ga fuskar uwarta, dariyar ta yanke.

Kulu na tsaye da ludayi a hannu, ba ta motsa ba. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, tun daga tafin ƙafa. Ita da ta zauna kan kujera tana ba mata fatawar ƙafar fara! Ita da ta zauna a laka gaban Sakinatu ta ce aikin likita take! In maganar nan ta fita, har jikokin jikokinta sai an kira su gidan hwara. Bayan kunyar kuma tsoron nan na da ya dawo ya zauna mata a ƙirji. In fara ba magani ba ce, to mene ne ke riƙe da mutumin nan? Ga sanyi na shigowa, farar ma ta fara wuyar samu.

Amma Kulu ba ta iya ajiye ƙarya a ciki ba. Ta dire ludayi ta ce wa ’yarta, “Zauna nan, ki rufe bakinki.” Ta nufi ɗakin mijinta. An yi la’asar, yana ciki yana naɗa rawani zai fita majalisa.

“Malam, akwai magana. Na yi kuskure.”

Mati ya tsaya da rawani rabi a kai rabi a hannu.

“Dakata in zauna. Tun ina da baƙin gemu nike jiran wagga rana.”

Ya zauna a bakin gado. Ta faɗa masa duka, a tsaye, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗora wa waya laifi ba ko da yake wayar na da nata kaso. Ta ƙare ta tsaya jiran abin da zai biyo.

“Na sani,” in ji Mati.

“Ka san mi?”

“Kulu, ni aka gwada wa jinin. Ina zaune gaban mutumin, da kunnena biyu. Larabci ya yi, ba Turanci ba.”

Kai! Ran Hajja Kulu ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. 

“Ka sani? Ka sani ka bar ni ina bin ƙwari cikin dawa da tsuhwana? Ka bar ni na hwaɗa ruwa, na hwaɗa rami, ƙaya ta yage mini zane, kana daga ƙohwa kana ba ni umarni? Ka bar ni ina koya wa matan gari abin da babu shi? Tsakani da Allah, Malam, mi na yi maka?”

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye rawanin a cinya.

“Ranar da kika shigo mini da laka har ƙugu, kina cewa likita ya ce, dariya ta taso mini daga nan.” Ya dafa cikinsa. “Da hwarar na danne ta. Wallahi ban san akwai sauranta a jikina ba, na ɗauka can muka baro ta. Ranar na kwanta ina ɗokin gari ya waye in ga ko za ki sake hwaɗawa. Kulu, tun da muka komo ban taɓa ɗokin wayewar gari ba sai ranar.”

Ta so ta ci gaba da faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Tausayi ya kama ta, ta kau da kai don kada ya ga idonta.

“To na ji. Yanzu dai zan hita in hwaɗa musu gaskiya, su yi dariyarsu su gama. Kunyata ce, ni zan ɗauka.”

Ta juya. Sai ta ji an riƙe gefen mayafinta. Tun suna da ƙuruciya rabon da ya yi mata haka.

“Kada ki hwaɗa.”

“Don mi?”

“In suka ji ba magani ba ne, za su daina zuwa.” Bai saki mayafin ba. “Mutum na barin katangarsa ya kawo magani. Babu mai barin katangarsa ya kawo hira. Ina jin tsoro, Kulu. Ba ni son in koma kallon bangon can.”

Ta dube shi. Namijin da ya yi noma har gashinsa ya yi fari, bai taɓa roƙon ta ko ruwan sha da murya irin wannan ba.  Daidai nan aka yi sallama a ƙofar gida, muryar Jibirin ce, da tarin muryoyi a bayansa.

Suka fito. Dattawa sun cika gindin dogon yaro, Sakinatu da wasu mata na leƙe daga zaure. An ji ɗiyar likita ta zo, haka suke kiran Hanaa, ai kuwa aka sa aka kira ta. Ta fito tana sunkuyar da kai.

“Ɗiyata,” in ji Jibirin, “mun ji jini ya sauka, alhamdu lillahi. To amma ga matsala. Sanyi ya shigo, hwara na ƙarewa. Yau tun sahe nike yawo, abin da na samu bai rufe gindin gwangwani ba. In ta ƙare, mi likita ya ce a koma ba shi? Ko shi ke nan an gama, kowa ya koma aikinsa?”

 Hanaa ta dubi uwarta. Mati bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo, yana murza bakin rawaninsa da yatsu.

Hajja Kulu ta gyara mayafi. Matar da ba a taɓa jin ta ƙara ko gishiri a magana ba ta buɗe baki, fuskarta ko gezau.

“Ba a gama ba. Likita ya ce in hwara ta ƙare a koma kihin tur’a. Amma ba na kasuwa ba, wanda tsohwahhi suka kamo da hannunsu. Kuma ya ce ba a cin sa mutum ɗaya, sai an taru. Ko ba haka ya ce ba, Hanaa?”

“Haka… haka ya ce, Yumma. Bizzabt, daidai.”

“Kun ji,” in ji Kulu. “Kullum ne kuma. Ya ce in aka tsallake rana ɗaya, aikin baya ya ɓaci.”

Jibirin ya gyaɗa kai da nauyi, ya ce lallai likitan nan ya yi karatu. Ya ce shi yana da tsohon taru a rataye, gobe zai fito da shi. Wani ya ce taru ba ya aiki a tur’a, sai ƙugiya. Wani ya ce ai cewa aka yi da hannu. Kafin a ce kwabo musu ya kaure, kowa na magana babu mai saurare.

Kulu ta shige madafa, Hanaa na biye. Ta zuba gahawa a ɗan turmi ta fara daka.

“Yumma,” in ji Hanaa a hankali, “ƙarya fa kika yi.”

“Na yi. Kuma ke kika shaida. Ƙaro kohuna, ba za su isa ba.”

Daga waje aka jiyo Jibirin na rantsuwa cewa ya taɓa kama kifin da ya fi jaki tsawo. Sai wata dariya ta tashi a kan ta kowa, mai kauri, mai haɗe da tari, ta daɗe ba ta tsaya ba. Ta Mati ce, a fili, gaban mutane. Kulu ta tsayar da taɓarya don kada ƙarar daka ta hana ta ji. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ta tsaya nan riƙe da turmi har sai da ya gama.